Yadda Na Sayi Shiru a Sabon Gari

Gidan da nake haya a Tudun Wadan Zariya yana tsakanin mai walda ta gabas da mai injin markaɗe ta yamma, kuma da zarar an ɗauke wuta sai kowane gida a layin ya tayar da janaretansa, har da nawa. Ni kuwa malamin makaranta ne, aikina na dare shi ne duba takardun ɗalibai, aikin da ko a cikin shiru ma yake neman zautar da mutum. Da na kai kukana ga ɗan yayana da ke karatun injiniya a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, sai ya ce maganin matsalata hedifon ne marar waya, irin mai kashe hayaniya.

Yaron nan ba ya ba da shawara sai da lacca. Ya ce wani farfesa a Amurka mai suna Amar Bose ne ya shiga jirgin sama a 1978, ƙugin injin ya hana shi jin daɗin abin da yake sauraro, sai ya ɗauki alƙalami ya fara lissafin yadda za a kashe ƙara tun kafin jirgin ya sauka. Dabarar ita ce ƙananan makirufo da ke jikin hedifon su saurari ƙarar da ke waje, na'urar ta ƙirƙiro kishiyar wannan ƙara ta tura cikin kunne, sai biyun su haɗu su kashe juna. Na ce masa ashe a duniyar injiniyoyi ma kishiya aikinta ke nan. Bai yi dariya ba, ya ci gaba da cewa, "Baffa, ka riƙe wannan da kyau. Ƙara mai kauri wadda ba ta canzawa, irin ta janareta ko injin mota, ita ce yake kashewa sosai. Muryar mutum da kukan yaro da bugun guduma suna canzawa kowane lokaci, saboda haka rage su kawai yake yi." Ya kuma ja kunnena a kan haruffan da ake rubutawa a jikin kwali. Wanda aka rubuta wa ANC shi ne mai kashe ƙara a kunnena, wanda aka rubuta wa ENC kuwa yana tace muryata ne domin wanda nake waya da shi ya ji ni da kyau, ni da na biya kuɗin ina nan cikin hayaniyata.

Da wannan ilimi na hau keke napep zuwa Sabon Gari ina jin kaina ƙwararre. Mai shagon farko ya tarbe ni da "Alhaji", ko da yake ban taɓa wuce Kano ta arewa ba, ya ɗora mini wani hedifon a kai, ya ƙure waƙa har sai da na ji haƙorana suna rawa, sannan ya ɗaga gefe ɗaya ya tambaye ni, "Ranka ya daɗe, ka ji hayaniyar kasuwa?" Gaskiya ban ji ba, amma da wannan ƙarar ko tirela ce ta shigo shagon ba zan ji ta ba. Na juya kwalin na ga ENC ɓaro-ɓaro, na yi masa godiya na fita yana rantsuwa cewa duk abu ɗaya ne, bambancin harafi ne kawai.

A shago na gaba na tambayi na Sony wanda yaron ya yi ta yabo, wanda ya fito a 2022 a kan kusan dala 400, batirinsa kuma yana kai awa 30. Da aka juya mini kuɗin zuwa naira sai na nemi kujera. Muka sauko zuwa masu matsakaicin farashi, inda na tarar da wani zaɓin yana jirana. Akwai ƙananan da ake cusawa cikin kunne, marasa nauyi, amma batirinsu 'yan awoyi ne kafin a mayar da su gidansu su sha caji, kuma a gidan da ke da yara ƙanana abin da bai wuce girman gyaɗa ba ba ya kwana biyu. Akwai kuma manyan da ke rufe kunne ruf, waɗanda suka fi toshe ƙara kuma suka fi riƙe caji, abin da ba wasa ba ne ga wanda wuta ke ziyartarsa jefi-jefi. Na zaɓi babba, musamman da na ga bakin cajinsa irin na wayata ne.

Sai gwajin da aka koya mini, wato a kashe waƙa gaba ɗaya a je kusa da ƙarar da ake son kashewa. Na sa hedifon na nufi ƙofar shago inda janaretansu ke ruri, yaron shagon yana biye da ni riƙe da gefen rigata cikin ladabi, wai yana kare ni daga 'yan acaɓa. Na tsuguna a gaban janareta na danna maɓalli, sai ƙarar ta janye ta koma can nesa, na ji kunnuwana sun ɗan cushe, abin da mai shagon ya ce wasu kan ji da farko. Na kashe na kunna, na sake kashewa na kunna, ina murmushi ni kaɗai, har wata dattijuwa mai sayar da gyaɗa ta dube ni ta girgiza kai ta ce, "Allah ya ba da lafiya, bawan Allah." Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne hula. Sandar da ke haɗa kunnuwan biyu ta bi ta tsakiyar zanna bukar ɗina ta yi mata kwari, kuma a zafin Afrilu na Zariya, fatar da ke rufe kunne kan tara gumi har ya gangaro wuya. Duk da haka na biya.

Daren farko na yi aiki cikin ni'ima. Janaretocin layi suka ɓace, ina jin labarai a hankali ba tare da na ƙure sauti ba, wanda shi ne babban amfanin abin ga lafiyar kunne, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron sauti mai ƙarfin desibel 80. Sai dai na'urar ba ta san janaretan maƙwabci daga nawa ba. An kawo wuta tun da wuri, kowa ya kashe nasa, nawa kaɗai ya kwana yana waƙa a layin har man da na sayo da tsada ya ƙare ƙarƙaf, na tsinci kaina cikin duhu alhali fitilun maƙwabta suna haske. Da safe mai walda, mutumin da ya shekara yana hana ni sakat, ya tare ni a ƙofar masallaci yana ƙorafin cewa na hana shi barci.

Muryar uwargida kuwa, kamar yadda injiniya ya faɗa, babu fasahar da ta tare ta. "Malam, kuɗin cefane" yana ratsa fata da soso ya iso daram. Ta ma ari hedifon wata rana ta haɗa shi da wayarta, kuma ashe Bluetooth ba ya mantuwa, yana kamawa daga nisan kusan mita 10. Ina tsakiyar duba takardu sai kawai na ji muryar yayarta a cikin kaina tana cewa, "To, yaya matuƙin jirgin naku? Har yanzu bai sauka ba?" Uwargida tana ɗaki tana ta danna waya tana mamakin yadda saƙon murya ya ƙi fitowa, ni kuwa na saurare shi har ƙarshe, kuma akwai bayani a ciki game da hulata.

Babbar fitina ta zo ranar Asabar da hantsi. Surukina ya taso daga cikin birni ya tsaya a zaure yana sallama, shi kuwa dattijo ne mai magana ƙasa-ƙasa, muryarsa kauri gare ta ba hawa ba sauka, irin wadda na'urar ta fi ƙwarewa a kanta, ga kuma rediyo ina ji. Uwargida ta tafi unguwa da yara. Yana hango ni ta labule ina zaune ina gyaɗa kai, shi yana sallama ni ina gyaɗa kai, har sai da ya aiko almajiri ya taɓa kafaɗata. Na fito da gudu na zube ina gaisuwa da hedifon rataye a wuya, ya amsa a taƙaice yana kallon bango.

Domin in wanke kaina, sai na shiga bayanin Amar Bose da kishiyar ƙara, na nuna masa har da maɓallin da ke shigo da sautin waje, wanda da shi na danna da na ji sallamarsa. Na ce, "Baba, gwada ka ji da kunnenka." Ya cire hularsa, na ɗora masa, daidai lokacin da injin markaɗe ya tashi. Na danna maɓalli, sai na ga fuskar dattijo ta saki. Ya lumshe ido ya daɗe, sannan ya ce, da ƙarfin da ban taɓa jin ya yi magana da shi ba, maƙwabcinsa ma ya sayo janareta. Ya miƙe, ya sa hular a aljihu, ya ce, "Madalla da wannan yaro. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka." Na ce amin, na raka shi har bakin titi, na kuma biya kuɗin keke napep.

Bayan la'asar ya bugo waya ya ce abin yana aiki sosai, sai dai an manta ba a haɗo masa da wayar caji da kwalin ba, in ba yaro ya kawo kafin magariba.