Sharaɗin zama farfesa a TH Köln, da abin da ya sa na ɗauke shi da muhimmanci

Duk lokacin da aka zo maganar ingancin injiniyoyin Jamus, jama'a sun fi ambaton injuna da kuɗi da manyan kamfanoni, amma a ganina akwai wata doka guda ta ɗaukar malamai wadda ta fi waɗannan duka tasiri, kuma ba kasafai ake kawo ta ba. Zan kafa misali da TH Köln, jami'ar gwamnati ta ilimin aiki da ke birnin Kolon a jihar North Rhine-Westphalia, wadda aka kafa a 1971 da sunan Fachhochschule Köln, aka sauya mata suna a 2015, kuma take da ɗalibai fiye da 20,000.

Irin waɗannan makarantu sun samo asali ne daga yarjejeniyar da shugabannin jihohin Jamus ta Yamma suka cimma a 1968, inda aka haɗe tsofaffin makarantun injiniya da na kasuwanci da na aikin jin daɗin jama'a aka ɗaga darajarsu. Manufar tun farko ita ce a yaye mutanen da za su shiga masana'anta su kama aiki ba tare da an sake koya musu komai daga tushe ba.

To, ga dokar. Wanda yake son zama farfesa a irin wannan jami'a, a mafi yawan fannoni digirin digirgir kaɗai ba ya wadatar da shi. Sai ya nuna cewa ya yi aƙalla shekara 5 yana aiki da iliminsa, kuma 3 daga cikinsu dole su kasance a wajen jami'a, wato a kamfani ko ma'aikata ko wurin gini. Ma'anar wannan ita ce mutumin da ke koya wa ɗalibi lissafin ƙarfin ƙarfe ya taɓa sa hannu a kan zanen da in ya kuskure za a yi asara, ya taɓa zama gaban mai aikin da ke cewa kuɗin sun yi yawa, ya kuma san bambancin abin da littafi ya faɗa da abin da inji ke yi bayan ya shekara goma yana aiki. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma ɗalibi yakan gane malamin da ya gani da idonsa tun daga irin misalan da yake kawowa a aji. Sannan aikin wannan farfesa na farko shi ne koyarwa, domin a wannan jiha yana ɗaukar darussa 18 a mako, alhali takwaransa na jami'ar bincike yana ɗaukar kusan rabin haka.

Daga nan sauran tsarin yake fitowa. A fannoni da dama ɗalibi yakan kwashe zangon karatu guda cur, kimanin makonni 20, a cikin kamfani, kuma da yawa sukan rubuta kundin kammala digirinsu a kan wata matsala ta gaske da kamfanin ke son warwarewa. Malamin da ya fito daga masana'anta ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa wa ɗalibinsa, ya kuma san tambayar da zai yi don ya gane ko yaron ya yi aiki ko zaman ofis kawai ya yi. Ko wuraren da aka dasa rassan jami'ar suna nuna wannan tunani: sashen kimiyyar sinadarai da haɗa magunguna yana Leverkusen, garin da hedikwatar kamfanin magunguna na Bayer take, yayin da reshen Gummersbach na kwamfuta da injiniya yake a filin tsohuwar masana'antar Steinmüller.

Ba na cewa tsarin ba shi da naƙasu. Malamin da ke aji sau 18 a mako ba ya samun isasshen lokacin zurfafa bincike, kuma ɗalibin da ransa ke ga tsantsar lissafi ko falsafa zai fi samun biyan buƙata a Jami'ar Kolon da ke cikin birnin guda. Haka kuma Jamusawa su ma sun daɗe suna nuna fifiko, domin a da ana liƙa haruffan FH, wato taƙaiccen sunan Fachhochschule, a bayan shaidar injiniyan da ya fito daga waɗannan makarantu, kuma matakinsa a aikin gwamnati yana ƙasa da na ɗan jami'a. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka rage wannan giɓi sannu a hankali ba tare da sun mayar da makarantun kwafin jami'o'in bincike ba. Bayan yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashen Turai suka ƙulla don daidaita tsarin digirinsu, digirin farko da na biyu suka zama masu suna ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma a 2016 makarantar Fulda da ke jihar Hesse ta zama ta farko a cikinsu da ta samu ikon ba da digirin digirgir da kanta. Duk da haka sharaɗin shekara 5 yana nan daram.

Wannan ne ya sa nake jin zafi idan na tuna da muhawararmu a Najeriya kan bambancin babbar difloma da digiri. Mun shafe shekaru muna jayayya a kan takarda da matakin albashi, kuma haƙƙi ne a yi ta, domin ɗan foliteknik da ya iya aikinsa bai cancanci a danne shi ba. Sai dai ban cika jin ana tambayar inda malaminsa ya taɓa aiki kafin ya shiga aji ba. Da ina da murya a hukumar da ke kula da ilimin fasaha, da shawarata ta farko ita ce a buɗe ƙofar koyarwa ga injiniyoyin da suka yi shekaru a matatar mai da kamfanonin siminti da tashoshin lantarki, a kuma lissafa musu waɗannan shekaru wajen ba su matsayi da albashi.