Kafireta Ta Ishe Ni!

Wai don Allah wane irin tashin hankali ne wannan, mutum ya tara kuɗi da kyar ya sayo injin mota na tokumbo a kasuwar Ladipo da ke Legas, a ɗora masa, sai kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska, ta ce ita ba ta san wannan baƙo ba? Da safe a Agege sai ka ja cok, mai rage iska, kana lallashi kafin motar ta tashi, in ta tashi kuma salansa na aman baƙin hayaƙi har 'yan bas ɗin danfo, su da kansu, suna toshe hanci suna zaginka! Fulogi ya yi baƙi ƙirin, warin fetur ya cika mota, kuma tun da aka cire tallafi a 2023 wa ke da man da zai ba ta tana kwankwaɗa kamar raƙumi? Ka koma gareji, bakanike ya murɗa sukurun iska ya ce "Alhaji, an gama." An gama me? Yanzu kuma mai ya yi mata kaɗan, ka taka totur ta yi tari, ta yi harbi fau-fau, inji ya ɗau zafi, ta mutu a tsakiyar gosulon Oshodi ana ta yi maka oda. Wannan ya ce jet ɗin, wato ƙofar da mai ke bi a kafireta, na tsohon inji ne, bai dace da sabon ba, wancan ya ce tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, wani ya rantse fulot, mai tsayar da mai in ya isa, shi ne ke cika mai, kowa da fatawarsa, kowa kuma sai ka biya shi kuɗin aiki, har yaron da ya riƙe sukudireba ma yana jiran nasa!