Ranar da na goya methane a kan acaɓa

Shekara uku ina koyar da kimistiri a wata sakandare, shekara uku yara suna rantse mini cewa a methane, gas ɗin nan mai kabon ɗaya haɗe da haidurojin huɗu, kusurwar da ke tsakanin haɗe-haɗen digiri 90 ce. Ban ga laifinsu ba, tunda a allo kamar mararraba nake zana musu shi. Na faɗi 109.5 har bakina ya gaji, sai na ce bari ido ya gani.

Na sayo balan-balan, na hura huɗu tun a gida har kumatuna suka yi tsami, na ƙulle bakinsu wuri ɗaya. Ba ka ma jera su. Da kansu suke ture juna har uku su zauna kamar duwatsun murhu, ɗaya ta haye sama. Haka ilektaron da ke kewaye da kabon bibbiyu suke yi: cajinsu iri ɗaya ne, don haka kowane biyu na neman nesa da sauran. Masana kimistiri Gillespie da Nyholm ne suka daidaita bayanin a 1957, amma na tabbata su ba su hau acaɓa da shi ba.

Ni na hau. Yaran unguwa suka biyo mu da gudu suna "Mai balan-balan, nawa-nawa?" Wata tsohuwa ta tare mu a kwana, wai, "Ɗan nan, haihuwa aka yi ba a gaya mini ba?"

A aji kuwa ina ɗagawa wani ɗan baya ya ce, "Malam, ashe kishiyoyi ne." Na share shi, na ci gaba da cewa a ammoniya, cikin ilektaron nan bibbiyu, biyu ɗaya ba su haɗe da kowa ba, sun fi cin wuri, suna matse kusurwar ta koma kusan 107, a ruwa kuma irinsu biyu ne, sai ta sauko 104.5.

"Uwargida ke nan," in ji shi.

Na juya in harare shi, balan-balan ta sama ta goga ƙusar allo. Tau! 'Yan matan gaba suka yi waje da salati, wata ko takalmi babu. Ukun da suka rage kuwa suka baje sumul, digiri 120 cif, har na fara cewa da gangan na yi.

Sai ga shugaban makaranta, maigadi na bayansa da gora.

"Malam, lafiya?"

Kafin in buɗe baki, ɗan bayan nan ya miƙe da ladabi. "Lafiya lau, Yallaɓai. Malam ne ya saki ɗaya."