Doguwar Tafiya a Bakin Kogi Bayan Ritaya: A Fara da Wurin Kwana

Duk wanda ya yi ritaya kuma yake sha'awar bin bakin kogi da ƙafa na tsawon makonni, shawarata gare shi ita ce kada ya fara da lissafin kilomita. Ya fara da sanin inda zai kwana kowane dare, da inda zai samu mota ko jirgin ƙasa ranar da ƙafa ta ƙi. Ni a ganina sauran tsari duk a kan wannan yake tsayawa.

A duba hanyar bakin Kogin Thames a Ingila, wadda aka buɗe a 1996. Tsawonta ya kusa kilomita 300, daga mafarin kogin kusa da ƙauyen Kemble har cikin Landan. Masu jini a jika sukan gama ta cikin mako biyu, wato kilomita 20 da ɗoriya kullum. Dattijo ba shi da dalilin wannan gaggawar. Kilomita 12 zuwa 15 a rana sun isa, tafiyar awa huɗu ko biyar ke nan har da zama, sannan a huta cikakken yini bayan kowane kwana uku ko huɗu. A haka tafiyar za ta kai wata guda, kuma ba laifi a raba ta gida biyu ko uku, a koma gida a dawo.

A bi inda ruwa ya nufa. A yawancin koguna, can sama wajen mafari ƙauyuka a warwatse suke, masauki kaɗan ne, mota ba ta cika zuwa ba. Gara a ci wannan yanki da sabuwar ƙafa, a kuma kama ɗakunansa tun da wuri. Idan gajiya ta fara taruwa, an riga an shigo inda garuruwa suka matso kusa da juna.

Kada kuma a ɗauka duk hanyar da aka danganta da kogi shimfiɗaɗɗiya ce. Hanyar Rheinsteig a Jamus, mai kimanin kilomita 320 tsakanin Bonn da Wiesbaden, hawa da gangara ce a kan tuddan da ke kallon Kogin Rhine, kuma gwiwa ce ke shan wahalar gangarar. A duba yawan hawan kowane zango kafin a zaɓa.

Ita ma shimfiɗaɗɗiyar hanya tana da nata. Ƙafa tana sauka iri ɗaya sau dubbai, wuri ɗaya ke gogar takalmi, sai bororo ya fito a dunduniya ko ƙaramin yatsa. Ƙafa tana kumbura da yamma, don haka a sayi takalmi da yamma, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu, a yi makonni ana yawo da shi kafin ranar tashi. Safar auduga tana riƙe gumi, ta ulu ta fi. Da zarar an ji wani wuri ya fara zafi, a tsaya nan take a manna filasta, kada a ce sai an kai masauki. Atisaye kuwa a fara shi wata biyu ko uku kafin tafiya, kuma a riƙa yin kwana biyu a jere da jakar a baya, domin safiyar rana ta biyu ce ke nuna gaskiyar jiki. Jakar kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita, har da ruwan sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu. Mai hawan jini ko ciwon suga ya ga likitansa tukuna, ya ɗauki maganin da ya fi kwanakin tafiyar yawa, ya ajiye shi a jakar da ke jikinsa ko da akwai masu kai kaya daga masauki zuwa masauki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ambaliya. Filin bakin kogi yana iya cika kwana ɗaya ko biyu bayan ruwan da aka yi can wajen mafarin kogin, alhali inda kake rana ta take. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. Idan hanya ta nutse, a juya a bi titi, ko da zai ƙara awa biyu. Shi ya sa taswirar takarda ta zama dole ko da akwai ta waya: a yi wa kowace gada alama, a san gefen da masauki yake, domin wani lokaci gada ta gaba tana da nisan kilomita da yawa. Kowace safiya a duba sanarwar ambaliya kafin a ɗaura takalmi, a kuma gaya wa wani a gida zangon ranar da lokacin da ake sa ran isa.