Mai tara kuɗin taimako ya nemi izini, ya kuma yi lissafi

Da wuya ka idar da sallar Juma'a a Kano ko Zariya ba ka ji ana shelar neman gudummawar ginin masallaci ba. A tashar mota ma haka ne, da lasifika da kwali. Yanzu abin ya koma Facebook da WhatsApp: hoton mara lafiya, lambar asusu a ƙasa, a taimaka fisabilillahi. Jama'a na bayarwa, kuma Allah Ya saka musu. Abin da ba a cika ji ba shi ne nawa aka samu, kuma ina suka tafi.

Ba wai babu doka ba. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta tanadi yadda gidauniya za ta yi rajistar amintattunta a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa (CAC), har ta ba hukumar ikon dakatar da amintattun da suka yi almundahana. Sashen SCUML na EFCC, mai yaƙi da halasta kuɗin haram, kuma yana sa ido kan kuɗin ƙungiyoyi. Amma waɗannan dokoki masu ofis da lauya suka fi shafa. Matashin da ke tara wa maƙwabcinsa kuɗin wankin ƙoda a asusun kansa ba ya cikin lissafinsu, alhali a nan ne amana ta fi shiga haɗari.

Wasu na cewa mu yi koyi da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, wadda dokarta ta 2021 ta hana ɗaiɗaikun mutane tara gudummawa, sai ƙungiyoyi masu lasisi. Ban yarda ba. A ƙasa irin tamu da mafi yawan mutane ke biyan kuɗin asibiti daga aljihunsu, rufe wannan ƙofa kashe marasa lafiya ne.

Abin da ya dace da mu izini ne na kusa, na kyauta, wanda zai fito cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai unguwa da liman su shaida, likita ya sa hannu idan batun jinya ne, sannan hukuma irin ta Zakka da Hubusi ta Kano ta ba da lamba da kowa zai iya bincikawa a waya. A faɗi adadin da ake nema da ranar rufewa. Inda zai yiwu, kuɗin su tafi asusun asibiti kai tsaye. Na san tsoron da ake yi, kada takardar ta zama wata hanyar karɓar na goro. Shi ya sa dole ta kasance kyauta, a kuma ɗaure jami'in da wa'adi.

Sai batun rara, wanda mutane ke jin nauyin tayarwa. Idan mara lafiya ya rasu kafin a yi aiki, ko kuɗin suka wuce buƙata, na wane ne? Tun ranar neman izini ya kamata a rubuta amsar: ko a ba iyalinsa, ko a mayar wa wani mai jinya, kuma a sanar da waɗanda suka bayar.