Alhaji Bakano da Ƙanƙarar Amurka

Wata uku da tafiyar Sani jihar Ayowa a shirin musayar ɗaliban sakandare na YES, Alhaji ya kira shi daga shagonsa na Kantin Kwari. Malam Bazazzage na gefe yana ɓare gyaɗa.

Alhaji: Sani, ka ci kajin Amurka har kumatu sun fito, amma ko dala ɗaya ban gani ba. Wace sana'a ka kama?

Sani: Baba, bizata J-1 ce. Doka ta hana ɗan sakandare irina ɗaukar aikin albashi, ko na yini ko na rabin yini.

Alhaji: Kai, rufe min baki! Ɗan Alhaji Sule ba aikin awa 20 yake yi duk sati ba?

Bazazzage: Wancan ɗan jami'a ne, Alhaji, bizarsa F-1. Shi ma a cikin makaranta aka yarje masa. Ku Kanawa ba ku karanta takarda sai in rasit ce.

Alhaji: Ku da kuka karanta, ga ka nan kana cin gyaɗata bashi. Sani, ba wata kafa ko 'yar ƙarama?

Sani: Akwai ɗan aikin jefi-jefi, Baba. Kamar rainon yaran maƙwabta.

Alhaji: Raino? Na tura namiji ƙetaren teku ya koma goyo? Kada uwarka ta ji, za ta aika maka da zani.

Sani: Ko yankan ciyawar tsakar gida.

Alhaji ya gyara zama, ya jawo kalkuleta.

Alhaji: Yauwa, yanzu ka yi magana. Dami nawa kake samu? Nawa masu awaki ke saye?

Sani: Ba a sayarwa. Mai gidan ne zai biya ni, ciyawar kuma a zubar.

Alhaji: A zubar? Ɗanyar ciyawa? Malam, ka ji mutanen da ake cewa sun ci gaba.

Sani: In sanyi ya shigo kuma, daga Disamba, sai kwashe ƙanƙara a ƙofar gidaje da shebur.

Alhaji: Tsaya. Ƙanƙarar ta wa ce?

Sani: Ta Allah ce, Baba, daga sama take zubowa.

Alhaji: Ba firiza, ba janareta, ba kuɗin wuta?

Sani: Babu.

Alhaji: Kuma su biya ka don ka ɗauke ta? Innalillahi! Mu nan da azumi layi ake yi a kan ƙullin leda ɗaya. Maza ka nemi buhuna, ka kafa tebur a bakin titi.

Sani: Baba, kowa ƙofar gidansa cike take da ita. Kuma in mai kula da mu ta ga na kafa kasuwa, za a iya soke zamana a sa ni a jirgi.

Alhaji ya yi shiru yana danna kalkuleta.

Alhaji: Kuɗin jirgin wa zai biya?

Bazazzage: Alhaji, korar ɗanka fa ake magana!

Alhaji: Na ji. Sani, in sun tashi koro ka, ka roƙe su su bari sai sanyin ya kankama. Akwati biyu ne, ko? Tufafin ka bar musu.