Kwaltar hawainiya: titi ake son sanyayawa ko mutum?

Da zarar zafi ya kankama sai masu tallar "kwaltar hawainiya" su sake fitowa, wai an samo maganin zafin birane. A zuba wani garin rini cikin kwalta, in zafi ya haura digiri 31 sai launinta ya yi haske ta riƙa mayar da hasken rana, in sanyi ya shigo ta koma baƙa ta sha zafi har ƙanƙara ta narke. Masu bincike a jami'ar Case Western da ke Ohio a Amurka sun gwada wannan fiye da shekara goma da suka wuce, kuma a ɗakin gwaji abin ya yi aiki. Wannan ba na musu.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake auna zafin titi sannan a yi wa mutum albishir. Hasken da kwalta ta ƙi sha ina yake tafiya? Wani kasonsa jikin mai tafiya a ƙasa yake komawa. A 2020 birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka ya shafe wasu titunansa da fenti mai haske, masanan jami'ar jihar Arizona suka bi suka auna. Da tsakar rana fuskar titin ta yi sanyi da kusan digiri 6, iskar da ake shaƙa ko rabin digiri ba ta sauka ba, zafin da ke dukan jikin mutum kuwa ƙaruwa ya yi da wajen digiri 3. Kafin shekara ta zagayo ƙura da tayoyi sun dusashe fentin. Fenti ke nan na yau da kullum, balle rinin hawainiya da aka san rana ce ke koɗar da shi, ranar da aka kawo shi ya yaƙa!

Masu cewa kwalta za ta ƙara ƙarko in ba ta gasuwa, su fara nuna mana babban titi guda da tireloli suka shekara biyar suna murzawa yana canza launi.

Kuɗin rinin nan a sa shi a bishiya da rumfa. Saudiyya ma ta shafe wasu hanyoyin Arafa da farin fenti, ga kuɗi ga ƙwararru, amma a tambayi duk alhajin da azahar ta riska a filin: gindin dogonyaro ake rububi.